Rantsuwa Biyu a Kan Ƙwaya Ɗaya

Asabar, 5 ga Yuli, bayan La'asar

Alhamdu lillahi. Ranar Kimiyya da Hausa ta yi armashi fiye da yadda na zata. Zauren taro ya cika, har 'yan sakandaren da muka gayyato daga Ringim suka ɗare kan tagogi. Na daɗe ina roƙon sashe a bar ni in shirya wannan rana, kullum amsar ita ce ilimin ƙwayoyin zarra ba ya shiga bakin Bahaushe. To yau ya shiga, kuma Muntaka ne ya shigar da shi.

Wa zai ce wannan ne yaron da ya zo mini daga Jahun neman digiri na biyu, ba ya iya ɗaga kai ya kalli mutum? Yau da taɓarya ya hau dandamali, ya aro ta wurin masu abinci. Ya tsayar da ita a tsaye ya ce, “Jama'a, ina ta fi so, gabas ko yamma?” Aka ce babu. Ya sake ta, ta faɗi ta wajen farfesoshi, zaure ya kece da dariya.

Ya ce, “Kun gani, dokar ba ta son kai, amma faɗuwa sai ta zaɓi gefe. Haka ƙarfin lantarki da rarraunan ƙarfin da ke cikin zarra suke a farkon halitta, abu guda, daidai wa daida. Da duniya ta huce sai daidaiton ya karye. Ƙwayar haske ta fita ba nauyi, 'yan uwanta W da Z suka wayi gari da kaya a ka.”

Daga nan ya shiga batun kundinsa. Ƙwayar Higgs da aka gano a 2012, wadda ake dangantawa da wannan karyewa, shin ita kaɗai ce, ko ɗaure wasu aka yi ta fito? Ya kawo misalin furoton, wanda kwak uku ne a ɗaure da wani ƙarfi mai tsanani. Ya ce, “Su kwak 'yan kulle ne, ba a taɓa ganin ɗayansu a waje shi kaɗai ba.” Mata suka yi ta tafi. Ya ce muna zaton akwai wani ƙarfin da ya fi wannan tsanani, da nasa 'yan kullen, kuma su ne suka kayar da taɓaryar.

'Yan kulle! Na yi shekaru ina koyar da abin nan, kalmar ba ta taɓa zo mini ba.

Dakta Barau ne ya shugabanci zaman. Ya yi wani barkwanci wajen gabatarwa wanda ban so ba, amma yaron ya gyara cikin ladabi. Ba zan bar wannan ya ɓata mini rana ba.

Litinin, 7 ga Yuli, da hantsi

An yanka maganar yaron.

Zaituna, abokiyar karatunsa, ce ta tare ni a ƙofar ofis. “Malama, kin ga abin da ke yawo?” Ta miƙo mini waya.

Zan rubuta sau ɗaya, Allah ya yafe mini, ba zan sake ba. 'Yan jaridar Turawa sun laƙa wa ƙwayar Higgs wani suna na rashin ta-ido, wai “ƙwayar Allah”. Babu masanin kirki da ke faɗarsa. Barau ne ya jefo shi ranar Asabar. Da Muntaka ya tashi, abin da ya fara cewa shi ne, “Sunan nan da Dakta ya ambata, wai ƙwayar Allah, ba namu ba ne, ba mu kuma yarda da shi ba. Halitta ce kamar tsakuwa.” Can gaba, bayan taɓarya da komai, ya ce, “Abin da muke zato, ba guda ɗaya ba ce, haɗa ta aka yi daga wasu biyu.”

An cire tsakiyar. An liƙa kai da wutsiya. Duk wanda ya ji abin da ya rage, ya san abin da kunnen Musulmi zai ji.

Na duba zauren malamai na waya. Jiya da safe aka fara saka shi, kuma Barau ne ya saka, ya rubuta a ƙasa, “Subhanallah, ina muka dosa?” Na kalli bidiyon da kyau. Daga babban tebur aka ɗauka. Ga gorar ruwa a gefe, ga kan lasifikar shugaban zama.

Ni aka jefa. Abin da ya faru tsakaninmu a taron jarrabawa bara, shi ya sani, ni na sani. Amma yaron jifan ya samu.

Talata, 8 ga Yuli, bayan Magariba

Wayar Muntaka a kashe.

Laraba, 9 ga Yuli, da azahar

Na shiga wurin shugaban sashe, Farfesa Ɗanmusa. Ya sa aka rufe ƙofa kamar ni ce abin kunyar.

“Dakta Ruwaida, a bar ruwa ya kwanta.”

“Ranka ya daɗe, ruwan nan mutum ne ya dama shi, kuma ofishinsa na kallon naka.”

“Kina da shaida?”

“Ina da gorar ruwa.”

Bai yi dariya ba. Ya ce ranar kare kundi ba ta tashi, ƙarshen wata ce, mai jarrabawa daga waje kuma sau ɗaya yake zuwa a shekara. In yaro bai bayyana ba, wa'adin karatunsa ya ƙare ke nan.

Da na fito sai ga Barau a baranda, da babbar riga da turare. “Dakta, ashe haka abu ya zama? Wallahi turo mini aka yi. Allah ya kyauta.”

Na ce amin. Har yanzu ina jin ɗacin amin ɗin nan a harshena. Daga yau sunansa ba zai sake shiga rubutuna ba. Mutumin kawai.

Alhamis, 10 ga Yuli, bayan La'asar

Yayan Muntaka, Tasi'u, ya zo kwashe masa kaya daga ɗakin kwanan ɗalibai. Abin da aka rubuta a ƙofar ɗakin ba zan kwafa ba. Masu gadi sun ce wasu samari sun zo tambayarsa ranar Litinin, Allah ya sa ya riga ya bar gari.

Tasi'u ya ce yaron yana gida lafiya. Amma mahaifinsu, Alaramma Ubaidullahi, an kai masa wayar har kan buzunsa, a gaban manyan ɗalibansa. Ya saurara, ya rantse da Allah cewa muddin yana numfashi Muntaka ba zai sake taka makarantar nan ba.

Na ce, “Bai tambayi yaron ba?”

Ya ce, “Ya tambaye shi, Hajiya. Ya ce ‘Muryarka ce?’ Muntaka ya ce ‘Tawa ce.’ Baba bai jira sauran ba.”

Muryarsa ce. Kowace kalma tasa ce. Nan muguntar take.

Juma'a, 11 ga Yuli, da yamma

Maigidana, Baban Munira, ya dawo daga masallaci ya ce liman bai taɓo zancen ba. Na sauke ajiyar zuciya, sannan na ji haushin kaina da har na zama mai jiran a ce ba a ambaci ɗalibina a huɗuba ba.

Iya, mahaifiyarsa, tana tsinke zogale a tsakar gida, ta ce, “Ke da kike cewa 'yan ƙwayoyinki ba a ganinsu, ai ga shi duk Dutse ta gansu.”

Na ce, “Iya, ba su aka gani ba, sharrin mutum aka gani.”

“To wanda ya yi miki kan kara, ai sai ki yi masa na itace.”

Baban Munira ya ce, “Iya, don Allah kada ki hura. Wannan ko ba iska ci take.”

Gaskiyarsa. Ci nake.

Lahadi, 13 ga Yuli, da hantsi

Zaituna ta samo cikakken bidiyon wurin wani ɗalibi da ya ɗauka daga baya. Mun watsa shi ko'ina. Babu mai kallo. Wa zai zauna ya saurari lacca kan nauyin W da Z, alhali ya riga ya ji guntun da ya tafasa masa jini? Wani ma ya rubuta cewa wannan ne aka gyara, wancan ne na asali.

Ni dai na kalla tun daga farko. Na manta yadda mutumin ya yi gabatarwar. Ga shi tsaye, hula a karkace, yana cewa, “Yau yaronmu zai nuna mana”, sai ya faɗi sunan nan, “har ma ya fasa ta mu ga abin da ke ciki!” Ya kuma tuntsire da dariya.

Ban buƙaci liƙa komai ba. Na dai yanke gaba da baya. Da yatsa ɗaya ake yi, ashe. Ban taɓa sanin halaka mutum ta fi yankan albasa sauƙi ba.

Yana cikin wayata.

Litinin, 14 ga Yuli, bayan Asuba

Ban aika ba.

Talata, 15 ga Yuli, bayan Asuba

Ban aika ba. Na saurara har na haddace inda dariyarsa ke tashi.

Laraba, 16 ga Yuli, bayan Magariba

Na shiga ajin 'yan shekarar ƙarshe. Na saba in an yi lissafi da Turanci sai in juya Hausa in warware. Yau na buɗe baki sai na hangi waya a hannun wani yaro a layin baya. Mai yiwuwa lokaci yake dubawa. Na haɗiye Hausar na ci gaba da rubutu a allo.

Na dawo ofis na buɗe babi na uku na kundin Muntaka. Wurin da ya fi burge ni ke nan. Ya nuna cewa ko da babu Higgs sam, ƙarfin nan da ke ɗaure kwak zai iya karya daidaiton da kansa, ya ba W da Z nauyi, sai dai ɗan mitsitsi, ya gaza abin da aka auna sau dubbai. To in ƙaramin ƙarfi ya iya haka, me zai hana babbansa? Matsalar ita ce irin wannan ƙarfi yakan canja da sauri in an matsa kusa, yana gudu, lissafin sai ya saɓa wa gwaji. Dole a samo wanda ke canjawa a hankali. A bakin shafi, da fensir, yaron ya rubuta wa kansa kalma ɗaya: sanɗa.

Ƙarfi mai sanɗa. Yaron da ke da wannan kai yana can yana kallon bango.

Na zauna ina tsara yadda za a yi. In na aika guntun da na yanka da daddare, kafin Asuba ya kai Kano. Kafin hantsi an san layin gidan mutumin. Ina so ya ji ƙarar babur a ƙofa ya ruga ya sa sakata. Ina so ya kashe wayarsa ya ɓoye a ɗakin matarsa. Ina so wani ya tsaya a baranda da turare ya ce masa Allah ya kyauta.

Na nuna wa Baban Munira da na koma gida. Ya kalla, ya miƙo mini. “Maman Munira, gidan nan akwai yara.”

Na ce, “Muntaka ma ɗan wani ne.”

Ya ce dai ranar Asabar zai kai ni Jahun.

Asabar, 19 ga Yuli, bayan Magariba

Mun dawo.

Ruwa ya ci hanyar ƙauyen, sai da muka bar mota a bakin kasuwar Jahun muka hau adaidaita. Gero ya kai ƙugu. A soro aka shimfiɗa mini tabarma, Alaramma yana kan buzu, Baban Munira a gefensa. Dattijo ne siriri, ba ya ɗaga murya. Na yi zaton zan tarar da mai zafin kai. Wanda na tarar mutum ne da aka kunyata a gaban ɗalibansa.

Na gaishe shi, na ce, “Allah ya gafarta Malam, na zo da cikakkiyar maganar a waya.”

Ya ɗaga hannu. “Mayar da ita jaka, 'yar nan. Jiya waya ta yi ƙarya, yau kuma ki kawo mini waya ta yi shaida?”

Na mayar da ita jaka.

Ya ce, “Ke faɗa mini da bakinki. Me kuke nema a cikin abin nan?”

Na faɗa masa. Na ce duk abin da ke da nauyi, muna tambayar ta wace hanya nauyin ya zo masa. Na ba shi misalin taɓarya, na ce ba nawa ba ne, na ɗansa ne. Na ce ƙwayar da ake magana halitta ce, kuma gardamarmu ita ce ko ƙwaya ce tilo ko damin wasu ƙanana ne da aka ɗaure tamau.

Ya ce, “Wa ya tsayar da taɓaryar?”

Na ce, “Allah ya gafarta Malam, mu yadda ta faɗi muke aunawa. Wanda ya tsayar da ita ya fi ƙarfin ma'auninmu.”

Ya ja carbinsa. Can ya ce, “To sunan fa? Wa ya kawo shi cikin taron Musulmi?”

Na faɗi sunan mutumin. Da daɗi a bakina, ba zan ɓoye ba.

Ya ce, “Rantsuwa tana da kaffara, na sani, ni nake karantar da babin. Amma a gaban jama'a aka zubar da mutuncin gidan nan. Wanda ya fara furta kalmar ya zo da ƙafarsa, ranar Juma'a, ya faɗa a gaban waɗanda suka ji. In ya zo, zan ciyar da goma in sallami yaro. In bai zo ba, gona ba ta ƙin mai digiri.”

Da za mu tafi aka kira Muntaka daga gona, suna maimai. Ya durƙusa nesa da ni, laka har gwiwa. Na matsa na gaya masa abin da ke wayata, a hankali, don in ga ya ji sanyi.

Ya ce, “Malama, don Allah kada ki saki. In nasa ya tashi, nawa ma zai sake tashi. Ba za a ce shi ya faɗa ni ban faɗa ba. Za a ce ashe su biyu ne.”



Lahadi, 20 ga Yuli, da hantsi

Wato sai da mutumin nan lafiya lau, da ƙafafunsa biyu, yarona zai dawo. In na ƙone shi na ƙone gadar.

Iya ta ce, “Maciji in ya shige tulun ruwanki, ba a fasa tulun.” Na ce to yaya ake yi? Ta ce, “Oho, ni ban yi boko ba.”

Talata, 22 ga Yuli, bayan La'asar

Na shiga ofishin mutumin ba sallama. Allah ya yafe mini wannan, amma ban yi nadama ba.

“A'a, Dakta, bismillah, ga kujera.”

Ban zauna ba. Na ɗora wayar a kan teburinsa na kunna. Muryarsa ta cika ɗakin. Ya zabura ya rufe taga. Na sake kunnawa.

“Wannan ai yanke shi aka yi!”

“Ashe? Ni ma turo mini aka yi.”

Gumi ya keto masa ta ƙarƙashin hula. Na tsaya ina kallon yadda yake gangarowa, ban yi gaggawa ba. Wannan kaɗai na samu, don haka na sha shi a hankali.

“Dakta Ruwaida, ke fa Musulma ce. Kin san abin da zai biyo baya. Ina da iyali.”

“Da ka saka na yaron, maraya ka ɗauke shi?”

“Wallahi ban yi zaton zai fita daga zauren malamai ba. Ni dai so na yi a tsawatar kan wannan koyarwa da Hausa, don abu ne mai haɗari...”

“Ka kuwa tabbatar da haɗarinsa.”

Na gaya masa sharaɗin Alaramma. Ya ce zai rubuta takarda. Na ce Alaramma ba ya son takarda, ƙafa yake so. Ya ce shi babban malami ne, yaya za a yi ya je ƙauye ya tsaya gaban jama'a kamar wanda aka kama da akuya? Na ɗauki wayata na ce, “Juma'a ce. Mota na tashi daga Yalwawa da hantsi. In ba ka zo ba, ni ma bayan sallar Juma'a ina da abin aikawa.”

Ƙarya na yi masa. Ko kuwa ba ƙarya ba ce? Ban sani ba.

Laraba, 23 ga Yuli, da azahar

Farfesa ya kira ni wai a sasanta cikin gida. Na ce masa gidan yana Jahun.

Juma'a, 25 ga Yuli, bayan La'asar

Mutumin ya zo. Da farar shadda, kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Ni ban je ba. A ƙofar masallaci za a yi, ba wurin mace ba ne. Abin da na yi ta mafarkin gani da idona, sai a bakin Baban Munira, wanda ya kai shi a mota, na ji shi, shi kuwa ba ya iya ba da labari. Sai da na yi ta tatsa.

“Ya durƙusa?”

“Ya dai zauna a ƙasa.”

“Muryarsa ta yi rawa?”

“Maman Munira, ban auna ba.”

Abin da na tattara shi ne, bayan an idar da salla Alaramma ya tsayar da mutane. Mutumin ya ce shi ya fara furta kalmar, da wasa, kuma ya tuba. Ya ce yaron ƙaryata ta ya yi, an cire wurin ne. Alaramma ya ce, “Wa ya cire?” Ya ce, “Allah ne masani.” Alaramma ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, “Lalle shi ne masani.” Wani tsoho a baya ya ce, “Malam na boko, ashe ku ma kuna da tsegumi?” Aka yi dariya, aka watse.

Shi ke nan. Bai amsa yankan ba. Ya dawo a gaban mota yana ba Baban Munira labarin tsadar taki.

Kafin su taso an ɗora tukunya a gidan Alaramma. Ya ciyar da goma.

Ya kamata in yi murna. Ina yi. Amma mutumin ya sayi kansa da araha.

Litinin, 28 ga Yuli, da hantsi

Muntaka ya dawo. Ya rame, tafin hannunsa duk kanta. Zai kwana gidan ƙanin Baban Munira har a gama, ba na son ɗakin ɗalibai.

Mun yi bitar kundin daga farko. Kan nan nasa yana nan yadda yake. Na tambaye shi me ya sa Higgs ba ta da nauyi sosai in har ƙarfi mai tsanani ne ya ɗaure ta, ya amsa tiryan-tiryan: kamar yadda ƙwayar nan fayon, wanda shi ma kwak ne a ɗaure, ya fi sauran 'yan gidansu sauƙi, saboda shi ɗan karyewar daidaito ne. Da Turanci ya amsa. Na tsokane shi na ce, “Ina 'yan kullenmu?” Ya yi murmushi ya ci gaba da Turanci. Na ce a raina shirin jarrabawa yake.

Alhamis, 31 ga Yuli, bayan La'asar

Ya ci.

Mai jarrabawar dattijo ne daga Zariya, mai son gardama. Ya matse shi kan cewa har yau na'urar fasa ƙwayoyin zarra da ke Turai ba ta ga ko ɗaya daga cikin sababbin ƙwayoyin da wannan ra'ayi ke hasashe ba. Muntaka bai kare abin da ba ya karuwa ba. Ya ce gaskiya ne, tsohon salon ra'ayin ya mutu, abin da ya rage ƙunci ne, ya nuna a allo iyakar inda ƙuncin yake. Dattijon ya ajiye biro ya ce madalla. Mutumin yana cikin masu sa hannu. Ya sa.

Sai dattijon ya juya Hausa. “Samari, an ce kai ne mai taɓarya. Na kalli dogon bidiyon, ni kam har ƙarshe. Ɗan maimaita mini yadda ka ce da kwak, in kai wa ɗalibaina.”

Muntaka ya sunkuyar da kai. “Ranka ya daɗe, a gafarce ni.”

“Ai an gama jarrabawa, hira muke.”

“Na rantse, ranka ya daɗe. Ba zan sake faɗar ilimin nan da Hausa ba.”

Na kalli mutumin. Yana gyara takardu.

A waje na tare yaron. Na ce yaushe? Ya ce ranar da aka kai wa Baba waya, a gona, shi kaɗai. Na ce, “Muntaka, Alaramma da kansa ya karya tasa. Abincin mutum goma ne. Ni zan dafa, gobe ma in kana so.”

Ya ce, “Na sani, Malama. Baba tasa ta fushi ce. Tawa ba ta fushi ba ce.”

Ya gode mini har ƙasa, ya tafi neman motar Jahun.

Abin da mutumin ya ce yana so ke nan tun farko, a daina da Hausa. Ya samu. Ya je Jahun ya zauna a ƙasa, ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, kuma ya samu.

Juma'a, 1 ga Agusta, bayan La'asar

Mutumin ya gaishe ni a baranda. Ban ce amin ba, ban ce komai ba. Na taɓa jakata inda wayar take, na tabbatar ya gani. Ba zan aika ba. Ba zan kuma gaya masa ba zan aika ba. Ya rayu da hakan.

Da na dawo gida na shiga ɗakin ajiya na auni gero na mutum goma, na zuba a wani buhu daban na ɗaure. Iya tana bakin ƙofa tana kallona.

“Wannan kuma na wa?”

“Na Muntaka ne, Iya. Ranar da ya shirya.”

Ta taɓa buhun da sandarta. “To ciro ganyen darbejiya ki cusa a ciki, kada ƙwari su riga shi. Irin yaron nan zai daɗe.”